Karas Mai Ganyen Lalo

Almustapha mai caji bai taɓa kai kunya ɗaya ƙarshe ba tun da aka haife shi, amma duk Wara babu wanda ya kai shi bayanin noma. Rumfarsa tana bakin tashar jirgi, inda masunta da fatake ke barin wayoyinsu su cika kafin su hau ruwa. Nan yake wuni a kan benci yana kallon gonakin ƙasashen waje a waya, yana girgiza kai, yana cewa mutanenmu ba noma suke yi ba, azabtar da ƙasa suke yi. In aka ja da shi, sai ya tuna wa mutum cewa shi a Jos ya koyo aikin lambu. Abin da ya faru kuwa, wata shekara motar albasar da ya bi ta lalace a bakin garin, suka kwana huɗu suna jiran bakanike, ya riƙa hango wata gonar kabeji daga saman buhuna. Kwana huɗun nan su ne karatun nasa kaf.

Lambun gaske yana bayan ɗakinsa, kuma ba nasa ba ne. Matarsa Hamdiyya ce ke yinsa kowace damina tare da mahaifiyarsa, Inna Dudu. Kuɓewa layi bakwai, yakuwa a jikin katanga, barkono da lalo a tsakani, kabewa ta haye rufin madafa. Abin da suka shanya da kaka shi ke riƙe tukunyar gidan har wata daminar ta zagayo. Irin kuɓewar kuwa, wadda Inna Dudu ke kira guro, ita ta zo da shi daga Shanga tun tana amarya. Kowace shekara takan bar manyan 'ya'ya su bushe a jikin uwa, ta ɓare, ta zuba a gora ta toshe. Almustapha bai san ta inda ake shiga lambun ba, shi dai ya san miya.

Farkon watan Agusta mai unguwa ya tsaya a rumfar caji, ya shaida masa cewa wata ƙungiya za ta ba da injin ban ruwa ga gidan da ya fi kyawun lambu a unguwar. Malamin gona zai zo dubawa ƙarshen Satumba, kuma gidansa yana cikin biyar ɗin da aka rubuta. Mai unguwa bai rufe baki ba Almustapha ya miƙe ya gyara zaman hula. Ya ce dama ya san za a yi haka, ilimi ba ya ɓuya. Kafin la'asar duk wanda ya zo karɓar waya sai da ya ji cewa hukuma ta gano shi, kuma bana Wara za ta ga kabeji da karas da tumatir irin na Turai cikin kwana arba'in.

Ya jira ranar da matan suka tafi Ngaski gaisuwar rasuwa, ya ari hauya ya faɗa lambun. Kuɓewar tana cikin fure, wasu sun fara 'ya'ya kamar ɗan yatsa. Ya tuge ta tas, ya bi da yakuwa da barkono, ya tara a ƙofar gida, awakin unguwa suka yi sallar da ba su sa rai ba. Da ya janyo kabewa daga kan madafa, ta sauko da rabin ciyawar rufin.

Da matan suka dawo, Hamdiyya ta tsaya a bakin wurin, ta ajiye ƙunshinta a ƙasa. Inna Dudu ce ta zagaya filin sau biyu, sannan ta dubi ɗanta.

"Kai wanga, ina gurona?"

"Inna, yanzu duniya ta wuce noman guro. Abincin talakawa ne."

"Kai ɗan wane sarki ne? Da shi anka yaye ka."

Ya zaunar da ita ya yi mata bayanin ƙungiya da inji da kabeji. Ta saurara har ya gama, sannan ta gaya masa cewa bana duk irin da ke gorar ta shuka, ko ƙwaya ba ta rage ba, abin da ta riƙe shekara arba'in ga shi can a cikin awakin mutane. Ya ce in injin ya zo za ta manta da wata gora. Ta ce to, in ya zo a yanka mata shi a miya. Da magariba Hamdiyya ta kawo masa tuwo da miyar kuka tsura, ta ce ya fara sabawa.

Washegari ya kama haƙa. A bidiyon da ya gani fangali ake yi mai zurfi, a kewaye shi da ƙasa don ya riƙe ruwa, shi ma haka ya yi, har ya ƙara zurfi don ya fi na bidiyon. Maƙwabcinsa Gambo, tsohon masunci da katanga ɗaya ta raba su, wanda ke noman albasa a bakin tafki duk rani in ruwa ya janye, ya leƙo ta sama ya yi masa barka da aiki. Ya ce shi dai a saninsa fangali na rani ne, da malka, tsakiyar damina, kunya ake tayarwa don ruwa ya wuce, kabeji kuma sanyi yake so, ba wannan lema ba. Almustapha ya dogara da hauya ya yi murmushin tausayi.

"Baba Gambo, kai kifi ka sani. Kimiyya ba komar kamun kifi ba ce."

"Haka ne. Amma ruwa na sani, kuma ga shi can tahe."

Ya yafa iri ranar Talata. Ranar Laraba sama ta buɗe, ba ta rufe ba sai Asabar. Da gari ya waye lambun ya zama kududdufi har gwiwa, kwaɗi sun tare kamar an aika musu goron gayyata, agwagin Inna Dudu biyu suna ta iyo suna tsince duk irin da ya taso sama. Inna ta ɗauko kujerarta ta zauna a bakin ruwan, ta ce wannan ne karo na farko da ɗanta ya yi abin da ya amfani wani mai rai a gidan.

Almustapha ya ce ƙaramar matsala ce, magudana ake buƙata. Ya duba gabas ya duba yamma, ya ga gidan Gambo ya fi gangare, sai ya huda gindin katangar da ke tsakaninsu. Ruwan ya samu hanya, ya bi ta tsakar gidan Gambo ya shige murhun banda, inda matarsa Fatsuma ta jera kifin kwana biyu. Wutar ta mutu, kifin ya koma inda ya fito. Ana cikin kwashe shi katangar, da ta sha ruwa ta ƙoshi, ta durƙusa a hankali kamar raƙumi, ta kwanta a cikin lambun. Gambo ya tsaya a kan tarin ƙasar, ya ce shekara talatin suna maƙwabtaka da gidan nan, bai san ana son a haɗe su gida ɗaya ba. Almustapha ya ce dama katangar tana tare wa shuka iska.

Ya sake sayen iri, wannan karon ya tayar da kunya, amma ya ce ba don Gambo ya faɗa ba, mataki na biyu ne a tsarin. Sai batun taki. Ya ji wani a waya yana cewa babu takin da ya kai na kifi, kuma Allah Ya sa shi a bakin tafki yake. Ya bi matan da ke gyaran kifi a tasha ya tattaro hanji da ƙaya da kawuna bokiti huɗu, ya baza a kan kunyoyin. Mai bidiyon ya ce a binne, amma cajin wayar ya ƙare kafin a kai wurin, a rumfar mai caji.

Kwana biyu unguwar ta kasa cin abinci a tsakar gida. Ƙudaje suka zo, kuliyoyin gari suka zo, shirwa ta yi sansani a sama tana saukowa ɗaya bayan ɗaya, in ba ta samu hanji ba ta ɗauki ɗan tsakon maƙwabta. Masu wucewa masallaci suka koma bin doguwar hanya ta bayan makaranta. Liman da kansa ya aiko a tambaya ko wani abu ne ya mutu a gidan ba a sanar ba. Almustapha ya ce a gaya wa liman ƙanshin ci gaba ne. Hamdiyya ta kwashe tukwanenta ta koma girki a gidan Fatsuma, tunda yanzu babu katangar da za ta hana.

Abin mamaki, shukar ta fito. Ƙananan ganye kore shar suka jeru a kan kunyoyi, Almustapha ya ɗauke su hoto ta kowace kusurwa, ya riƙa tare mutane a tasha yana nuna musu. Har ya fara tambayar masu jirgi nawa za su iya ɗauka in ya fara aika kaya Yelwa. Mako guda bayan haka tsutsa ta sauka, ganyen ya koma kamar rariya.

Ya tafi shagon magungunan gona. Mai shagon ya tambaye shi abin da ke damun shukar don ya zaɓar masa, Almustapha ya ce ba sai an zaɓar masa ba, Turanci abincinsa ne. Ya ɗauki kwalba yana motsa leɓe kamar mai karatu, ya zaɓi wadda aka zana ganye a jiki. Mai shagon ya buɗe baki zai yi magana, Almustapha ya ɗaga masa hannu. A gida ya zuba murfi shida inda ake zuba ɗaya, don tsutsar ta san da wa take yi. Maganin ciyawa ne. Kwana uku lambun ya zama ruwan ƙasa daga wannan bango zuwa inda wancan bangon yake a da. Tsutsar, da ba ta samu abin ci ba, ta haura tarin katanga ta nufi gidan Gambo, Fatsuma ta tare ta da toka.

Saura kwana tara malamin gona ya zo. Da wani mutum ne, da sai ya je wurin mai unguwa ya ce a cire sunansa. Almustapha zana ya saya, ya kewaye filin ruf, ya ɗaure ƙofar da igiya, ya ce shukar ta kai matakin da ido ke cutar da ita. Ko Inna an hana ta leƙawa. Kullum da safe yakan shiga da bokiti, a ji ƙarar zuba ruwa, ya fito yana cewa masha Allah. A tasha kuwa kabejin kullum ƙara girma yake. Ranar Litinin ya kai kan jariri, ranar Alhamis sai mutum biyu za su ɗaga ɗaya.

Ana jibi ranar dubawa ya ce zai je Yelwa sayen wayoyin caji. Ya fita da buhu a kafaɗa, buhun yana motsi. Tun daga ranar Inna Dudu ba ta sake ganin agwaginta ba. Ta bi gida-gida tana cigiya, ta zargi kuliyoyi, ta zargi shirwa, ta zargi 'yan jirgi. Almustapha da ya dawo da buhuna biyu, waɗanda ba sa motsi, ya taya ta jimami, ya ce mutanen yanzu babu tsoron Allah. Wunin washegari duk a cikin zana ya yi shi. Sau ɗaya ya fito, ya ɗauki tsintsiyar Hamdiyya da ƙullin zaren kitsonta, ya tsallaka gidan Gambo ya tsinko lalo cikin hula, ya koma.

Ranar ta faɗo ranar kasuwa, gari cike. Da a ce ya bari malamin gona ya zo ya duba ya tafi shiru, da abin ya tsaya tsakanin mutum uku. Amma Almustapha ya ari kujerun roba, ya ɗauko lasifikar rumfarsa ya rataye a bishiya, ya aika wa duk wanda ya taɓa yi masa gardama cewa yau ake girbi. Kafin hantsi ƙofar gida ta cika, matan unguwa kuma suka jeru a kan tarin katangar Gambo, inda aka fi gani.

Malamin gonan, Emmanuel, mutumin Birnin Yauri ne, siriri, marar yawan magana, da littafi a hammata. Ya iso tare da mai unguwa bayan sun duba gidaje uku. Almustapha ya tare su da jawabi. Ya gode wa ƙungiya da ta san darajar masana, ya yi wa manoman gargajiya nasiha da su rage girman kai su zo su koya, ya ce ƙofarsa a buɗe take. Sannan ya kwance igiya ya yaye zana.

Mutane suka miƙa wuya. Kabeji manya-manya a jere a kan kunya, kowanne kamar an goge shi da tsumma. Layin karas da ganye kore. Tumatir jajaye suna reto a jikin sanduna. Har Gambo sai da ya cire hula ya sosa kai. Almustapha ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan Inna Dudu.

Emmanuel ya shiga a hankali, ya tsuguna a layin karas, ya daɗe yana kallon ganyen. Ya tambayi yaushe aka shuka. Aka ce kwana talatin da biyar. Ya rubuta. Ya kama ganye ɗaya ya ja, ganyen ya taho shi kaɗai, da tsinken tsintsiya a gindinsa. Ya sa yatsa ya tono sauran, sai ga karas wankakke, sumul, da ɗan rami a ka inda tsinken ya shiga.

"Malam, wannan ganyen lalo ne."

"Aure ne, yallaɓai. An aura karas da lalo. Ka ci ƙasa, ka yi miya da sama."

Daga kan katanga Fatsuma ta ce ai kuwa ba a nemi izinin uwar amarya ba, don lalon nata ne, jiya ta ga an yi masa aski. Dariya ta fara daga ɓangaren mata. Emmanuel bai yi ba, ya rubuta. Ya matsa gaba ya tona, wannan karon karas uku suka fito tare, ɗaure da roba. Almustapha ya ce irin na zamani ne, da ɗaurinsa yake fitowa don sauƙin kai wa kasuwa.

Suka koma kan kabeji. Emmanuel ya sa hannu biyu zai gwada ƙarfin saiwa, ya yunƙura, kabejin ya taso ba gardama har ya kusa kai shi ƙasa. Ya juya gindin sama. Yankan wuƙa ne, har ya fara baƙi. Ya nuna wa mai unguwa, mai unguwa ya nuna wa jama'a. Almustapha ya ce saiwa ai ita ke wahalar da manomi, shi ya sa masana suka cire ta. Wani daga baya ya tambaya ko da me yake shan ruwa. Ya ce da iska. Tumatir ba a ma kai ga taɓa shi ba, Hamdiyya ta shigo ta wuce kowa, ta kama ɗaya ta kwance baƙin zaren da ya ɗaure shi a jikin sanda, ta naɗe a yatsa, ta kama na gaba. Ta ce a yi mata haƙuri, tana da kitso da yamma.

Duk da haka Almustapha bai sauka ba. Ya sauko da lasifika daga bishiya ya fara bayanin cewa hassada ce ke hana ƙasar nan ci gaba, kuma duk wanda bai je Jos ba ba zai gane abin da yake gani ba. Yana cikin haka wani dogon mutum ya ratso taron da leda a hannu, yana sallama. Dogo ne, mai kayan miya a kasuwar Yelwa, wanda ke kawo kaya Wara duk ranar kasuwa. Tambaya ya yi a tasha aka nuna masa gidan. Ya ga kujeru, ya ga jama'a, fuskarsa ta washe.

"Alhamdu lillahi, ban makara ba. Malam, ga kabejinka biyu da ka manta a rumfata shekaranjiya. Allah Shi raya. Mi anka samu, mace ko namiji?"

Lasifikar tana hannun Almustapha, kuma a kunne, don haka har masu wucewa a titi sun ji. Dogo ya ci gaba da bayani da zuciya ɗaya, ya ce malam ya gaya masa suna za a yi a gidan, za a yi wa baƙi haɗin ganye irin na birni, shi ya sa ya zaɓar masa masu kyau. Hamdiyya ta dubi cikinta, ta dubi mijinta, ta ce ita dai ba a gaya mata ta haihu ba. Dogo ya ga kabeji a kan kunya, ya ɗan yi turus, ya ce waye ya ajiye su a rana, ai za su lalace. Don ya gyara zance, sai ya ƙara da cewa agwagin da aka ba shi musaya sun yi kyau ƙwarai, toron ma har iyalinsa sun yi farfesu da shi jiya.

Inna Dudu ta sauko daga kan katanga ba tare da an riƙe ta ba. Ta tambayi Dogo ko macen tana da baƙin tabo a fiffike. Ya ce tana da shi. Ta gyaɗa kai, ta sunkuya ta ɗauki kabeji mafi girma. Almustapha, mutum mai shekara arba'in da gemu, ya yar da lasifika ya zagaya bayan mai unguwa. Kabejin ya samu mai unguwa a kafaɗa. Na biyun bai yi kuskure ba.

Da aka samu aka zaunar da ita, Emmanuel ya buɗe littafinsa ya ce shi akwai abin da bai gane ba. A watan Yuli ya zagaya unguwar nan, ya shigo gidan nan maigidan yana tasha, ya ga kuɓewar da bai ga irinta ba daga nan har Shanga, layi bakwai. Saboda ita ya sa aka rubuta gidan, kuma a ransa tun ranar ya gama ba da injin, zagayen yau cika ƙa'ida ne kawai. Ya tambaya ko a wani filin take.

Wani bunsuru ne ya yi kuka a ƙofar gida, Gambo ya ce to ga wanda ya san inda take.

Gida na biyar a jerin na Gambo ne, kuma ba a buƙaci zagayawa ta ƙofa ba. Emmanuel ya taka tarin ƙasa ya shiga, jama'a suka bi shi. Lambun Fatsuma bai kai rabin wanda aka tuge ba, layi uku ne na kuɓewa da ɗan lalo da yakuwa, amma kowace kuɓewa tana tsaye da saiwarta. Ya tsinki ɗaya ya karya, ta yi ƙas. Ya ce irin wancan ne. Fatsuma ta ce ƙwarai, Inna Dudu ce ta ɗiba mata cikin murfin kwano shekara uku da suka wuce. Kafin azahar an rubuta mata injin. Mai unguwa, yana murza kafaɗa, ya yanke cewa Almustapha zai tayar da katanga da hannunsa, ya kuma nemo wa tsohuwa agwagi.

Kabeji goma sha tara ne, kuma Hamdiyya ta ce ba za a yi almubazzaranci ba. Ta dafa masa shi da safe, ta kwaɗanta da rana, ta yanka a miyar dare. Ita da Inna kuwa gidan Fatsuma suke tsallakawa su ci tuwo da ɗanyar kuɓewa, ana jin santinsu ta inda katanga ta faɗi. Rana ta shida cikinsa ya fara maganar da ta fi tasa ƙarfi, har abokan sahu suka riƙa bar masa fili a masallaci.

Sai da ya kwana goma bai buɗe rumfa ba. Ranar da ya buɗe, benci ya cika tun da safe, har da waɗanda ba su da waya. Ya gyara murya ya ce mutane ba su fahimci abin da ya faru ba. Shi da gangan ya shirya komai don ya gwada ko malaman gonan da ake turo mana sun san aikinsu, kuma alhamdu lillahi yaron ya ci jarrabawa. Gambo, da ya zo karɓar wayarsa, ya ce wannan gaskiya ne, kuma unguwa ta gode.

"Sai dai ina da roƙo, malam. Tunda gonarka wankakke take haihuwa, baɗi a shuka muna kifi. Shi hito soyayye, da yajinai."

Daga ranar ba a sake kiransa mai caji ba. Yara da manya Na-Jos suke cewa, shi kuma yana amsawa, don a ganinsa girmamawa ce.

Da damina ta zagayo, Fatsuma ta aiko da iri cikin gora, Inna Dudu ta karɓa, ta daɗe tana jujjuya shi a tafin hannu. Ranar shuka Almustapha ya fito da waya a hannu, ya ce yana da 'yan shawarwari game da tazara. Hamdiyya ta ce akwai aikin da ya fi wannan buƙatar masani. Ta shimfiɗa masa tabarma a can bakin sabuwar katangar, wadda ta karkace kamar bayan tsoho, ta ba shi kara, ta ce ya hana kaji tone iri. Ya zauna ya naɗe ƙafa, ya fara yi wa kajin bayanin illar abin da suke shirin yi. Suka tsaya suka saurara, kai a karkace, har ya kai aya. Sannan suka bi ta kan tabarmar suka shiga lambun.